A Gyara Mana Kunun Aya Da Zoɓo A Legas

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi kira ga masu haɗa abin sha a Agege da Mile 12. Zafin watan Maris a Legas sai dai addu'a, zufa kamar an watsa ma ruwa, kuma wallahi ba lemon kwalbar da ya kai kunun aya mai dabino da kwakwa, amma shi baya jure zafi, in ba ƙanƙara ko NEPA sun ɗauke wuta kafin la'asar ya yi tsami. Jiya na saya na zubar, raina ya ɓaci sosai. Zoɓo ma a rage suga da kala, citta da kanumfari sun isa. Robobin kuma a wanke su da kyau.

Naku,
Mai karatu daga Agege