Wasiƙa daga Maradi kan gwajin jinin yaronmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Faransa? Nan damina ta zauna, hatsi ya yi kyau, sauro kuma ya hana mu sakat.

Na duba takardar gwajin jinin yaronmu da ka turo ta WhatsApp. Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira nutrofil sun sauka ƙasa da 1500 a kowane mikrolita (ɗan mitsitsin ma'aunin jini), shi ne ya tayar wa uwargida hankali. Ka ce mata ta kwantar da shi. Irin wannan sakamako muna ganinsa a ɗakin gwaji nan Maradi, a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau. Zargina yana kan wata ƙwayar gado mai suna ACKR1, wadda aka fi sani da Duffy.

Tana kan kromosom na 1, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. An gano rukunin jinin Duffy a 1950, amma sai a 1993 aka gane cewa furotin ɗinsa yana kama kemokin, wato sinadaran da jiki ke fitarwa wurin da aka ji rauni ko cuta ta shiga, don kiran agaji. Matsalar ita ce masu kawo agajin suna cikin jini, raunin kuma yana bayan bangon jijiyar jini. To furotin ɗin Duffy da ke shimfiɗe a cikin ƙananan jijiyoyi shi ke ɗauko saƙon daga waje, ya ratsa da shi bango, ya kafa shi a gefen da jini ke gudu. Aikinsa kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ba shi ke tuƙi ba, amma shi ke nuna wa fasinja inda zai shiga. Nutrofil na zuwa sai ya rage gudu, ya manne, ya matse jikinsa tsakanin ƙwayoyin bangon ya fita zuwa wurin faɗa. Na daɗe ina wannan aiki, har yau abin yana ba ni mamaki.

Ga inda ya shafe mu. Kusan dukan mutanen Afirka ta Yamma mun gaji wani ɗan canji, harafi guda a mabuɗin wannan ƙwayar gado, wanda aka bayyana a 1995. Saboda shi jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da furotin ɗin, ko da yake jijiyoyinmu suna da shi. Wannan rashi riba ce, domin ta wannan ƙofa ce ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna vivax ke shiga jan jini, kamar yadda masanin bincike Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna a tsakiyar shekarun 1970. Shi ya sa ba ta cika damunmu ba. Kar ka yi murna da yawa dai, wani nau'in ƙwayar zazzaɓin mai suna falsifarum da ke cika mana asibiti da yara daga Agusta zuwa Oktoba ba ruwanta da wannan ƙofa.

A 2009 aka tabbatar cewa masu wannan canji suna da ƙarancin nutrofil a jinin da ake ɗiba. Ɓargonsu na aiki daidai, kuma ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Ma'aunin da ake gwada mu da shi ne aka yanka bisa jinin Turawa. Abin da ke ci mini rai, da wannan ma'auni ana iya jinkirta wa baƙar fata maganin ciwon daji, ko a huda ƙashin yaro mai lafiya don ɗibar ɓargo.

Ban ce ka bar likita ba. Ka koma, ka roƙe shi ya duba rukunin Duffy na yaron, gwaji ne mai sauƙi. Ka gaya masa gaskiya ko yana yawan zazzaɓi, ko gyambon baki, ko ƙuraje masu ruwa. Idan akwai waɗannan, a zurfafa bincike, kar a tsaya ga maganata.

Inna na gaishe ka, ta ce kilishin da ka yi saƙo sai an samu mai tafiya. Ka sanar da ni abin da likitan ya ce. A gaida mutanen gida.

Naka,
amininka na Maradi