Idan Asibitocin Homon Suka Karye, Ina Makomar Majinyaci?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani lamari da shafukan kasuwanci kan taɓa sama-sama su wuce, wato karyewar kamfanonin da suka mallaki jerin asibitocin ba da maganin homon (sinadaran da jiki ke samarwa domin daidaita ayyukansa), da yadda ake zama a sake tsara basussukan da suka yi musu katutu. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, abin da ake lissafawa shi ne yawan bashin, da bankunan da ke bi, da adadin rassan da za a rufe. Mutumin da maganin ke yawo a jininsa, wanda kuma sau da yawa ya riga ya biya kuɗin shekara guda, ba kasafai ake jin ɗuriyarsa ba, alhali shi ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Irin waɗannan asibitoci sun fi yawa a Amurka, don haka da dokokinta zan kafa hujja. Maza suna zuwa ne neman sinadarin testosteron, mata kuma, musamman waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu saboda shekaru, suna zuwa neman estrojen da furojesteron. Wasu allura ake yi musu mako-mako, wasu man shafawa ake ba su, wasu kuma ana tsaga fata kaɗan a cusa musu ƙananan ƙwayoyi da ke narkewa a hankali cikin wata uku zuwa shida. A shekarar 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta bayyana cewa ta amince da testosteron ne ga wanda wata cuta ta rage masa shi, ba ga wanda tsufa kawai ya rage masa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanonin inshora kan ƙi biya, sai majinyaci ya biya daga aljihunsa, ko dai wata-wata ko kuma dunƙule guda da alkawarin rangwame.

Wannan kuɗi da ke shigowa ba yankewa shi ne ke jawo hankalin masu zuba jari. Abin da sukan yi shi ne su ciwo bashi su sayi asibitocin, sannan su ɗora bashin a wuyan kamfanin da suka saya, daga nan a shiga buɗe rassa da kama hayar gine-gine na shekaru masu yawa da kashe maƙudan kuɗi wajen talla. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban ga laifin kamfani don ya ci bashi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a gina dukan lissafi a kan zaton cewa kuɗin ruwa ba zai taɓa tashi ba. Daga watan Maris na 2022 zuwa Yuli na 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari, kuma kamfanonin lafiya da dama da ke ɗauke da bashi mai hawa da sauka sun kasa numfashi. Envision Healthcare, wanda kamfanin zuba jari na KKR ya saya a 2018 a kan dala biliyan 9.9, ya garzaya kotu ya bayyana karyewarsa a watan Mayu na 2023. Shekara guda bayan haka Steward Health Care, mai asibitoci 31, ya bi sahu da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 9. Idan manya irin waɗannan suka durƙushe, ba abin mamaki ba ne ƙananan asibitocin homon, waɗanda ke dogaro da abin da mutum zai iya cirewa daga albashinsa, su faɗi.

Kamfanin da ya kasa biyan bashi a Amurka yana da manyan ƙofofi biyu. Babi na 7 na dokar fatara shi ne a rufe, a sayar da kadara, a raba abin da aka samu. Babi na 11 kuwa yana ba kamfani damar ci gaba da aiki yayin da yake sasantawa da masu binsa. Da zarar ya shigar da takarda, doka tana ɗaure hannun duk mai bin bashi, ba ƙwace kaya, ba ci gaba da ƙara. Ana ba kamfanin kwana 120 na farko shi kaɗai ya kawo tsarinsa, yana iya yar da hayar rassan da ba sa kawo riba, yana iya sayar da wasu, bankuna kuma sukan yafe wani kaso na bashin su karɓi hannun jari a madadinsa. Kowane rukuni na masu bin bashi yana kaɗa ƙuri'a, kuma ana ɗaukar rukuni ya amince ne idan fiye da rabin masu ƙuri'ar, waɗanda ke riƙe da kashi biyu cikin uku na kuɗin, suka yarda. Tsari ne mai hikima, domin asibitin da ke buɗe ya fi wanda aka yi gwanjon kujerunsa amfani ga kowa.

Damuwata tana wajen layin rabo. Wanda ya ba da bashi da jingina shi ne a gaba, sai lauyoyi da masu ba da shawara da suka yi aikin shari'ar, sai albashin ma'aikata zuwa wani iyaka. Majinyacin da ya biya kuɗin shekara ya sha maganin wata uku, a idon doka mai bin bashi ne marar jingina. Gaskiya ne an ba shi ɗan fifiko a mataki na bakwai, amma fifikon yana da rufi, wanda tun daga Afrilu na 2025 ya tsaya a dala 3,800, kuma ba ya aiki sai idan wani abu ya rage bayan masu jingina sun ɗiba. Banki ya san haɗarin da ya shiga, ya binciki littattafan kamfanin, ya kuma sa kuɗin ruwa daidai da haɗarin. Majinyaci bai taɓa ganin littafi ko ɗaya ba, bai ma san cewa ranar da ya miƙa katinsa ya zama mai ba kamfani rance ba tare da riba ba.

Asarar kuɗi ma da sauƙi idan aka kwatanta da abin da ke faruwa a jiki. Namijin da ya daɗe yana karɓar testosteron daga waje, jikinsa yakan rage samar da nasa, don haka idan aka yanke masa kwatsam yakan faɗa cikin kasala da ƙuncin rai da raunin sha'awa na makonni ko watanni kafin jikin ya farfaɗo. Wanda ke kan maganin kuma yana bukatar gwajin jini a kai a kai, saboda testosteron yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini har jinin ya yi kauri. Matar da mahaifarta ke nan, idan tana karɓar estrojen, dole a haɗa mata da furojesteron domin kare bangon mahaifa daga kumburin da kan kai ga ciwon daji. A ɗauki macen da aka cusa wa ƙwayar estrojen a farkon wata, ta dawo ƙarshen wata karɓar takardar ɗaya maganin, ta tarar da ƙofa a garƙame da 'yar takarda a manne a gilashi, ta buga waya ba mai ɗauka. Ƙwayar da ke ƙarƙashin fatarta ba za ta daina aiki don kotu na zama ba. Namijin kuma ba zai iya shiga kanti ya saya ba, domin tun 1990 dokar ƙasar ta sa testosteron cikin magungunan da ake tsaurara wa, sai da takardar likita, sabon likita kuwa zai nemi ganin sakamakon gwaje-gwajen baya waɗanda ke kulle a kwamfutar kamfanin da ya rufe.

Majalisar dokokin Amurka ta hango wani ɓangare na wannan a gyaran da ta yi wa dokar fatara a 2005. Ta ce idan mai harkar lafiya ya karye, kotu ta naɗa mai sa ido a madadin majinyata cikin kwana 30, wanda zai riƙa kawo rahoto duk kwana 60. Ta kuma ce idan babu kuɗin adana takardun majinyata, a yi cigiya a jarida a jira kwana 365 kafin a lalata su. Sai dai dokar ta bar wa alƙali damar ya ce naɗin bai zama dole ba, kuma kamfanoni sukan roƙi a ɗauke musu shi da hujjar cewa ba sa kwantar da marasa lafiya kuma kuɗin mai sa idon nauyi ne. A ganina wannan hujja ba ta da ƙarfi a asibitin homon, domin kulawar da ake yi a nan ta tsawon watanni ce, ko da majinyaci a gidansa yake kwana. Cigiya a jarida kuma ba ta isa ga mutumin da allurarsa ta gaba saura kwana biyar.

Akwai kuma wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba, wato inda majinyaci ya biya ta hanyar rance daga wani kamfani na daban. Asibiti ya karɓi kuɗinsa cif tun ranar farko, ya rufe, amma bashin yana nan a wuyan majinyaci. An ga irin haka a wani fanni makusanci lokacin da SmileDirectClub, mai sayar da robar daidaita haƙora, ya shiga Babi na 11 a Satumba na 2023 ya kuma rufe baki ɗaya a Disamba, inda aka fara shaida wa masu biya kaɗan-kaɗan cewa su ci gaba da biya duk da aikin ya tsaya.

Abin da nake kira a kai shi ne a ɗauki kuɗin da majinyaci ya biya tun kafin a yi masa aiki a matsayin amana, a ajiye shi a asusu na daban, kamfani ya riƙa cirewa gwargwadon maganin da ya bayar. Kada kuma alƙali ya sa hannu a kan wani tsarin sake fasalin bashi, ko cinikin rassa, sai an nuna masa a rubuce likitan da zai karɓi kowane majinyaci, da ranar da za a miƙa masa takardunsa, da kuɗin da aka ware don gwajin jinin waɗanda ke tsakiyar magani. Na san za a ce wannan zai tsauwala wa kamfanoni, ya sa bankuna su ƙara kuɗin ruwa, ya kuma rage saurin buɗe rassa. Na yarda zai rage, kuma ban ɗauki hakan hasara ba, domin reshen da ba zai buɗu ba sai da kuɗin maganin da ba a riga an bayar ba, majinyata ne suka gina shi ba da saninsu ba.

Ina kuma roƙon wakilanku, idan za su kawo labarin karyewar irin waɗannan kamfanoni, su bincika ko kotu ta naɗa mai sa ido, su kuma buga ranar ƙarshe da aka sa wa masu bin bashi su shigar da takardunsu, domin majinyacin da ya bari ranar ta wuce yana iya rasa ko ɗan abin da doka ta tanadar masa.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum