Ɓawon ramar da muke zubarwa zai iya zama silin da teburin makaranta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan rama.

A nan Gombe ganyenta muke so, a yi kwaɗo da ƙuli, a tufka igiya da ɗan ɓawon, sauran a bar wa wuta. A wasu ƙasashe kuwa ɓawon nan shi ne kuɗin. Ana jiƙa shi a fitar da zaren, a haɗa da rezin, wato ruwan robar da masu faiba ke gyaran bambar mota da shi, a danne a inji ya fito allo mai ƙarfi. Rezin shi kaɗai yana saurin tsagewa. Zaren ne ke riƙe shi, kamar yadda magina ke cuɗa ƙasa da ciyawa don kada katanga ta dare.

Abin ba sabo ba ne. Motar Trabant da aka ƙera a gabashin Jamus daga 1957 zuwa 1991, da tarkacen auduga da rezin aka yi jikinta, kuma an ƙera sama da miliyan 3. Auduga fa, wadda aka san Gombe da ita tun zamanin Turawa! Kamfanin Ford ma ya sa zaren rama a cikin ƙofar motarsa Escape ta 2013. Amfanin zaren rama shi ne bai kai kashi biyu cikin uku na nauyin zaren gilashi, wato faibar da aka saba haɗawa da rezin, ba, kuma ba ya sa ƙaiƙayin da duk mai aikin faiba ya sani.

Sai dai kada a ruɗe mu da cewa ba shi da aibi. Zaren tsiro yana shan ruwa, ya kumbura, ya rabu da rezin. Shi ya sa ake fara wanke shi da ruwan kostik soda, irin ta masu sabulu, a busar da shi sosai kafin a haɗa. Zafi ya wuce digiri 200 kuma sai ya fara lalacewa. Rezin ɗin ma galibi daga man fetur ake samo shi, don haka allon ba zai ruɓe ya koma ƙasa gaba ɗaya ba.

A ganina mu bar zancen mota tukuna. Mu fara da abin da ke cikin ɗaki, inda ruwan sama ba ya dukansa: silin, maimakon na asbestos mai cutar da huhu, da saman teburin ɗalibai, tunda katako sai tsada yake ƙarawa.

Ina kira ga gwamnatin jiha ta haɗa injiniyoyin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da kwalejojinmu na fasaha, ta ba su odar teburan makaranta guda. A sayi ramar a hannun manomanmu, a bar yara su yi amfani da teburan damina biyu, sannan a auna abin da ya same su.

Naka,
Malamin koyar da kafinta,
Tudun Wada, Gombe.