Zuwa ga masu shiga motocinmu a Yamai, game da katin biyan kuɗin mota

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Maganar kati ta yi yawa a tasha, kuma duk abin da ake faɗa daga Wadata har Harobanda ya zo kunnenmu: wai na'urar bakin ƙofa tana cin kuɗin mutane, wai da saninmu. Maganar ta yi mana ciwo. Gaskiya ne an cire wa waɗansu kuɗin tafiya sau biyu, gaskiya ne kuma sabon kati ya ƙare a hannunmu. Amma kafin a yanke mana hukunci, muna roƙo a ji yadda abin yake.

Katin nan ba shi da batir. A cikin robar akwai siririyar waya da ta zagaye gefensa ƴan zagaye kaɗan, an haɗa bakinta biyu da ƴar mitsitsiyar kwamfuta mai girman ƙwayar gero. Na'urar da ke cikin mota tana fitar da igiyar rediyo ta megahaz 13.56. In kati ya matso, wayar nan ce take kama igiyar ta mai da ita wutar da za ta tada ƴar kwamfutar. Shi ya sa sai an kawo shi kusa, kamar santimita 4. In ya wuce santimita 10 ba ya jin komai. Cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, na'ura ta karanta lambar kati, su tabbatar da juna da mabuɗin sirri, ta duba sauran kuɗin da ke cikin kati, ta cire kuɗin tafiya, kati ya rubuta sabon saura a jikinsa, sannan ya ba ta amsa cewa ya rubuta. Sai bayan amsar nan koriyar fitila take kamawa. Ba mu muka ƙago tsarin ba, Hong Kong na aiki da irinsa tun 1997, Landan tun 2003.

To ga inda aka samu matsala. Katunan da suka zo mana a karo na ƙarshe, wanda yake kawo mana su ya sauya masana'anta bai gaya mana ba. Launi ɗaya, kauri ɗaya, a ido ba a bambanta su da na da. Amma mahaɗin waya da ƴar kwamfutar ba shi da ƙwari. Kun san zafin Yamai na Afrilu da Mayu, ya wuce digiri 40 a inuwa, balle katin da aka bari a rana ko aka zauna a kansa cikin aljihun baya. Roba ta yi laushi, ta lanƙwashe, mahaɗin ya tsage. Da mutuwa yake yi gaba ɗaya da da sauƙi, sai a ce kati ya lalace. Abin haushin, yana kamawa yana saki. In wutar ta yanke masa bayan ya rubuta sabon saura amma kafin ya ba da amsa, na'ura ta ɗauka ba a biya ba, ta nuna ja. Fasinja ya sake ɗorawa, a sake cirewa. A ce kuɗin tafiya dala arba'in ne, sai ya ga tamanin sun tafi. Babu direba ko yaron mota da kuɗin nan ya shiga aljihunsa, ba su da hanyar taɓa shi ma.

Mun biya kuɗin waɗanda za su maye gurbinsu tun da wuri, ba bashi muka ci ba. Sai dai tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya irin namu ta tashar Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso, su jira ayari, su jira duwan. Ƙaramin kamfani mai kwali biyu uku ba ya cika babbar mota shi kaɗai, dole ya jira na wasu. Kullum amsar mai kawowa ɗaya ce, kaya suna hanya.

Kuɗinku bai ɓace ba. Kati yana riƙe da bayanin tafiye-tafiyensa na ƙarshe, na'ura ma tana aika nata zuwa kwamfutar biro ta layin waya; in babu rezo ta ajiye har ya dawo. Cirewa biyu a mota ɗaya cikin ƴan daƙiƙoƙi a fili take fitowa. Wanda abin ya same shi ya zo biro da katin kansa, ba hotonsa a waya ba, a duba.

Kafin nan, a ɗora kati a kwance a kan na'ura, a riƙe shi har a ji ƙara. Goga shi da sauri ko kaɗa shi yana jawo yankewar nan. In ja ta fito kada a sake ɗorawa, a nuna wa yaron mota. A fitar da shi daga jaka, domin in ya haɗu da wani kati mai irin wannan waya, kamar na banki, na'ura ba ta san da wanda za ta yi magana ba, tsabar kuɗi da makullai kuma suna tare igiyar. Masu huda kati a kusurwa don rataya shi, ku yi wa Allah ku bari, daidai nan wayar ta bi. Wanda nasa ya ɓata ya sanar da wuri a toshe lambar.

A namu ɓangaren muna kan magana da mai kawowa, muna kuma duba wasu hanyoyi. Da zarar abu ya tabbata za ku ji.

Hajiyoyinmu na kasuwar Katako da kuke shiga motar farko tun muna da mota ɗaya, malaman makaranta na Talladje, da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da suka riƙa ƙetare gadar Kennedy da mu har suka gama, yau ƴaƴansu ke riƙe da katinmu: mun san abin da kuka yi mana, Allah ya saka da alheri. Mun ga wasunku kwanan nan a bakin hanya suna tsayar da taksi, ba mu ga laifinku ba, amma mun ji a ranmu. Mun gaya wa duk yaran mota cewa wanda katinsa ya ƙi, a karɓi tsaba daidai kuɗin tafiyar da ake cirewa a kati, kada a sauke kowa.

Wassalam,
Masu kamfani da ma'aikata baki ɗaya