Tsutsar tumatir da ta dankali ba ɗaya ba ce

Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don mu yi gyara kan wata magana da ta yaɗu, wai duk tsutsar da ke cin tumatir da dankalin turawa iri ɗaya ce. Wannan ruɗani yana cinye kuɗin manoma a banza.

Tsutsotsin nan 'ya'yan wasu ƙananan ƙwari ne masu yawon dare, dangin malam-buɗe-littafi, waɗanda masana suka sa a gidan Gelechiidae. Tsawon babban ƙwaron na tumatir bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba. Abincinsu tsire-tsiren dangin gauta ne: tumatir, dankalin turawa, yalo, taba, har da na daji irin su gautan kaji da zaƙami.

Wanda ya fi suna shi ne Tuta absoluta, mai cin tumatir. A 1917 aka fara bayyana shi daga ƙasar Peru da sunan Phthorimaea absoluta, a 1994 aka mayar da shi Tuta, a 2021 kuma wasu masana suka dawo masa da sunansa na fari. Don haka wanda ya ga sunayen biyu a jikin kwalbar magani ya san ƙwaro ɗaya ake nufi. Ya yi shekara da shekaru bai bar Kudancin Amurka ba, sai a 2006 ya ɓulla a Sifen. Ya kai Arewacin Afirka a 2008, Indiya a 2014, Sin a 2017. Dashe da kwandunan tumatir ne suka fi ɗaukarsa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ɗan'uwansa Phthorimaea operculella, mai huda dankali a gona da ma'ajiya, ya riga shi game ƙasashe masu zafi. Akwai kuma Tecia solanivora na Amurka ta Tsakiya, wanda ba ruwansa da ganye, ɗan dankalin kawai yake ci.

Ga yadda ake rarrabewa. A ɗaga ganyen a duba shi ta hasken rana. Ramin da tsutsar Tuta ke yi a cikin ganye faffaɗa ne, fatar ganyen ta yi shara-shara, ga baƙin kashi a gefe. In siririn layi ne mai lanƙwasa, aikin tsutsar wani ƙuda ne, maganinsa daban. Sai a ciro tsutsar a duba bayan kanta da gilashin ƙara girma. Ta Tuta tana da ɗan siririn baƙin zane, ta dankali kuwa, wato Phthorimaea operculella, wurin gaba ɗaya baƙi ne. Manyan ƙwarin sun yi kama ƙwarai, sai a ɗakin bincike ake tabbatar da su.

Amfanin sanin wannan a wajen tarko yake. Ƙamshin da ake sa wa tarko don jawo namiji na kowane iri daban ne, na dankali ba zai yi aikin na Tuta ba. Manomi ya ga tarko wayam ya saki jiki, alhali macen Tuta ɗaya kan saka ƙwai har 260, cikin wata guda 'ya'yan su ma su fara sakawa. Tarko 2 zuwa 4 a hekta sun isa sa ido, a riƙa canza ƙamshin bayan mako 4 zuwa 6.

Feshi ma yakan gaza, domin tsutsar tana ɓoye cikin ganye, kuma ƙwaron ya riga ya saba da wasu magunguna a Italiya da Brazil saboda nanata iri ɗaya. Muna roƙon malaman gona su riƙa duba tsutsar da idonsu kafin su ba da shawarar magani, manoma kuma su tuge gautan kaji da ragowar shuka bayan girbi su ƙone, domin a nan ƙwaron yake fakewa kafin sabon dashe.

Wassalam,
Daga wasu masu nazarin ƙwarin amfanin gona