Yarjejeniyar gwamnoni da gidauniyoyi: a fito da takardun mu gani

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan haɗin gwiwar da gwamnatocin jihohinmu suke yi da manyan gidauniyoyi, musamman ta Aliko Ɗangote da ta Bill Gates, a harkar rigakafin yara. Aikin lafiya a matakin farko na yi har na ajiye, don haka abin da na gani zan faɗa. Abin da ya tayar da ni kuwa shi ne sanarwar da Bill Gates ya yi a watan Mayun 2025 cewa gidauniyarsa za ta rabar da dukiyarta ta rufe a ƙarshen 2045, kuma a 2025 ɗin ne gwamnatin Amurka ta wargaza USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje. Hausawa sun ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, amma har yanzu ban ji ana tattauna wannan batu a majalisun jihohinmu ba.

Bari in fara da yabo, domin sun cancanta. Duk wanda ya san halin da muka shiga a 2003 ba zai raina abin da aka cimma ba. A shekarar ce aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano saboda zargin an sa masa maganin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004, bayan an samo wani daga Indonesiya. Mutane ba haka kawai suka tsorata ba. Suna tune da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kafin a farga, cutar ta tsallaka daga wajenmu ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a cikin birnin Kano. Allah ya jiƙansu da rahama.

A cikin wannan yanayi ne gidauniyoyin biyu suka sauya salo. A 2009 Gates ya zauna da gwamnoni a Abuja suka sa hannu a kan alkawarin kawar da shan inna, a shekarar kuma aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, abin da ya sa dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin gadan-gadan. A ƙarshen 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Kwankwaso, Jihar Kano ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyoyin a kan rigakafin yau da kullum, daga baya Bauchi da Borno da Yobe da Kaduna da Sakkwato suka bi sahu.

Dabarar da ke cikin yarjejeniyar ita ce ta fi burge ni. Asusu ɗaya aka buɗe, kowa ya zuba nasa. A shekarar farko gidauniyoyi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kowace shekara nasu yana raguwa na jiha yana ƙaruwa, har a kai inda jiha za ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. Sannan aka sa lokacin bitar aiki, inda gwamna zai zauna da kwamishinoninsa da sarakuna, Ɗangote da Gates su shigo ta bidiyo, a baje alƙaluma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Mu da muke ƙasa mun ga bambanci da idonmu. A ɗan asibitin da na yi aiki, da can sai mun aika yaro a babur ya ɗauko allura a akwatin ƙanƙara daga sakatariya, wani lokaci kafin ya iso ƙanƙarar ta narke, mata kuma sun gaji da zama sun watse. Da aka kawo firiji mai aiki da hasken rana, kuɗin fita ƙauyuka ya riƙa shigowa asusun asibitin kai tsaye, sai ranar allura ta zama ranar allura da gaske. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014. Bayan waɗanda aka samu a Borno a 2016 ba a sake gani ba, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020.

To ina matsalar take? Tana wajen wanda ake jin kunya. Idan ranar bita ta ƙarato, sai ka ga ofisoshi sun rikice, takardar da ta yi watanni a kan tebur an sa mata hannu cikin kwana biyu, alawus ɗin da aka riƙe ya fito. Ba don uwar da ta rasa ɗa ta yi kuka ba, sai don kada gwamna ya ji kunya a gaban attajirai biyu. Na gode Allah da aikin ya tafi, amma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin da jiha ke zubawa na talakawa ne, amma talaka bai taɓa ganin takardar ba, bai san nawa aka yi alkawari ba, balle ya san nawa aka saki.

Haka abin yake a matakin tarayya. A Maris 2018 Gates ya tsaya a gaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa a fadar shugaban ƙasa, ya ce tsarin farfaɗo da tattalin arziki na gwamnati ya fifita gine-gine a kan lafiya da ilimin mutane, ya kuma ce Nijeriya na cikin wurare mafi haɗari ga mace mai haihuwa. Ƙasa ta ɗauka, jaridu suka yi mako suna kai. Amma wace ungozoma ce ba ta san haka ba? Likitocinmu da ƙungiyoyinmu sun shekara suna faɗa. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Ban ce jawabin baƙo ne kaɗai ya jawo hakan ba, 'yan ƙasa sun yi ta fafutika kafin nan. Sai dai kowa ya ga muryar wa ta fi saurin isa kunne.

Akwai kuma batun wa ke zaɓar abin da za a sa a gaba. Mai kuɗi yana da abin da ya dame shi, kuma haƙƙinsa ne. Ko bashin dala miliyan 76 da Nijeriya ta ci daga Japan don yaƙi da shan inna, Gidauniyar Gates ta amince ta biya ne bisa sharaɗin a cika ƙa'idojin da aka gindaya. Wannan ciniki ne mai kyau. Amma duk wanda ya taɓa bin gida-gida da ɗigo da alli ya san tambayar da ake tarbarsa da ita a zaure: kullum shan inna kyauta har ɗaki, amma in yaro ya kwana da zazzaɓi sai an sayi magani? Ba mu taɓa samun amsar da ta gamsar da maigida ba, sai dai mu ba shi haƙuri, mu ɗiga wa yaro, mu shafa masa tawada a ɗan yatsa, mu yi alama a bango mu wuce. Da cutar mashaƙo ta ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su kammala allura ba. Allurar mashaƙo tana cikin rigakafin yau da kullum, wato ainihin abin da aka ƙulla yarjejeniya a kansa shekara goma kafin nan. Wannan kaɗai ya isa a tambaya: bayan kason gidauniyoyi ya ragu, jihohi sun ci gaba da zuba nasu a kan kari?

Ba ina cewa a kori kowa ba ne, masu yaɗa jita-jitar hana haihuwa kada su ɗauka na shigo layinsu. Abin da nake nema mai sauƙi ne. Duk yarjejeniyar da gwamna zai sa wa hannu da wata gidauniya, a kai ta gaban majalisar dokokin jiha, a fassara ta da Hausa, a karanta a rediyo. Alƙaluman da ake nuna wa Ɗangote da Gates, a nuna wa kwamitin lafiya na majalisa a zaman da 'yan jarida za su shiga, a kuma liƙa na kowace mazaɓa a ƙofar asibitinta, domin kwamitin unguwa ya san abin da aka turo. Su ma gidauniyoyin, tunda ta Gates ta ce tafiya za ta yi, ya kamata su sa wannan a cikin sharuɗɗansu tun yanzu, kamar yadda suka sa sharaɗin zuba kuɗi. Ɗangote ɗan gida ne, ya fi kowa sanin cewa gwamna yana sauyawa duk shekara huɗu ko takwas, kuma wanda ya gaji kujera ba lallai ya gaji alkawari ba.

Kai kuma Malam Edita, ga roƙona gare ka. Ka tura wakilanka jihohin nan shida su nemi abu biyu a rubuce: nawa aka sa wa rigakafin yau da kullum a kasafin kowace shekara tun daga ranar da aka ƙulla yarjejeniya, kuma nawa aka saki a zahiri. Jihar da ta bayar a buga, wadda ta hana ita ma a buga cewa ta hana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya, daga Kano