Matan da ake kira karuwai, wa ya taɓa tambayar yadda suke kwana?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili. Kullum in an tashi maganar karuwanci sai tsinuwa da Allah wadai, ba mai tambayar yaya aka yi yarinya ta tsinci kanta a ciki, ko me take gani daga safe zuwa dare.

A Daulatdia ta ƙasar Bangladash, ɗaya daga cikin manyan unguwannin karuwai na duniya, yarinya ƙarama ake sayarwa magajiya, a ɗora mata bashin da ba ta ci ba, har ƙwayar Oradexon ake ɗura mata, wadda ake ba shanu don su yi ƙiba, wai don ta cika ido ta yi kama da babba, ƙwayar kuwa tana cin jikinta a hankali, abin ya tsaya min a rai wallahi. Matan da aka kwasa daga birnin Benin na jihar Edo zuwa Italiya kuma rantsuwa aka sa su yi gaban boka, tsoro ya hana su guduwa, sai a 2018 Sarkin Benin, Oba Ewuare na biyu, ya warware rantsuwar.

Dokoki kam sun bambanta. Suwidin tun 1999 mai biyan karuwa take hukuntawa, Holan ta halatta gidajen karuwai a 2000. Amma duka, ƙwacen 'yan sanda da kunyar zuwa asibiti suna bin da yawa daga cikin matan nan a ƙasashe da dama, ga ɗa a baya da ba a san me za a ce masa ba. Ni a ganina namijin da ke biya ya kamata jaridarku ta fara yi wa tambaya.

Taku,
wata mai karanta ku kullum